Mai zuwa ɗiban ruwa shi ke fasa tulu: yadda ya kamata a auna tsaron Derek Jeter

Hular nan mai harafin N da Y a sarƙe, babu unguwar da ba ta shiga ba, tun daga Nima ta Accra har Birikiteri ta Yawunde. Da yawan masu sa ta sun ɗauka tambarin birnin New York ne kawai. Alhali tambarin ƙungiyar wasan besbol ce ta New York Yankees, wadda filinta ke unguwar Bronx, inda 'yan'uwanmu da dama da suka tafi neman abinci Amurka suke zaune. Ka tambayi ɗayansu ya faɗa maka sunan ɗan wasan Yankees guda ɗaya tak, da wuya bai ce maka Derek Jeter ba.

Jeter ya yi wa Yankees wasa kaka 20, daga 1995 zuwa 2014, bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba. Ya ɗauki kofin World Series sau 5, ya zama kyaftin a 2003. A 2020 da aka zo zaɓen shigar da shi Zauren Gwarzayen wasan da ke garin Cooperstown, mutum 396 cikin 397 suka sa masa hannu. Sannan sau 5 ana ba shi lambar yabon Gold Glove, wato safar hannun zinare, wadda ake ba wanda ya fi kowa iya tsaro a gurbinsa: 2004, 2005, 2006, 2009 da 2010.

To a kan wannan safar ne ake ta musu shekara da shekaru. Masoyansa sun ce ga lambar yabo nan har biyar, me kuma ake nema? Masu bin alƙaluma kuwa sun ce a cikin waɗanda suka daɗe a wannan gurbi, da wuya a samu wanda tsaronsa ya jawo wa ƙungiyarsa asara kamar shi. Ni dai ina tare da masu alƙaluma a kan maganar tsaro, ina kuma tare da masoyansa a kan cewa gwarzo ne. Maganganun biyu ba sa karo da juna. Abin da ya haɗa mutane faɗa shi ne mudun da aka daɗe ana awo da shi, wanda yake ƙirga kuskuren da mutum ya yi, ya rufe ido ga aikin da bai kai gare shi ba.

Bari in ɗan yi shimfiɗa saboda wanda bai saba da wasan ba. Mutum tara ne suke tsaron fili. Ɗaya yana jefa ƙwallo, ɗan ɗaya ɓangaren yana tsaye da sanda yana neman ya buge ta. Idan ya buga sai ya ruga, ya bi tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya dawo gida. Duk wanda ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Aikin masu tsaro shi ne su fitar da shi kafin ya kai: ko su cafe ƙwallon a sama tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko su tsince ta su wurga wa na tasha kafin mai gudu ya iso. An fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka guda.

Gurbin Jeter shi ne wanda suke kira shotstof, tsakanin tasha ta biyu da ta uku. Nan ne mashigar da ƙwallayen ƙasa suka fi bi da gudu, shi ya sa ake neman mai zafin nama, mai ƙarfin jifa, mai saurin karanta inda ƙwallo za ta bi. Saboda wahalar gurbin, ƙungiyoyi sun saba haƙuri da shotstof ko da bugunsa ba shi da ƙarfi, in dai yana rufe wannan mashiga.

Tsohon mudun da ake auna mai tsaro da shi mai sauƙi ne. Akwai magatakarda a kowane wasa. Idan ƙwallo ta zo hannun ɗan wasa ta suɓuce, ko ya yi jifan da ya kauce, sai ya rubuta masa kuskure. A ƙarshen kaka a haɗa ƙwallayen da ya yi aiki a kansu, a duba kashi nawa ne ya kammala lafiya. Da wannan mudu, Jeter ba shi da abin kunya. A wasa 2,674 da ya yi a shotstof, kuskure 254 aka rubuta masa, ya kammala kashi 97.6 cikin 100. Ozzie Smith na St. Louis Cardinals, wanda kusan kowa ya yarda ba a taɓa yin shotstof kamarsa a tsaro ba, mai safar zinare 13 a jere daga 1980 zuwa 1992, kashi 97.8 ya samu, kuma kurakuransa 281 ne, sun fi na Jeter yawa. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai duk ɗaya suke.

Yanzu mu ɗaga ɗaya shafin. Smith ya yi wasa 2,511 a gurbin, wato ƙasa da na Jeter da wasa 163, kaka guda cur. Amma sau 8,375 ya tsinci ƙwallo ya wurga aka fitar da mai gudu. Jeter kuwa sau 6,605. Bambancin 1,770 ke nan, ga wanda ya fi ƙarancin wasanni. Idan aka haɗa da ƙwallayen da kowannensu ya cafe da kansa, Smith yana da hannu a fitar da kimanin mutum 5 a kowane wasa, Jeter bai cika 4 ba. Mutum guda a wasa ɗaya kamar ba komai ba ne. Amma ka ninka shi sau 160 a shekara, ka sake ninkawa shekara 20, sai ka ga ramin.

Ina waɗancan ƙwallayen suka tafi? Wasu daga ciki sun bi ta gefensa ne sun wuce cikin fili, magatakarda ya rubuta wa mai bugu ya yi bugu mai kyau. Ba a rubuta wa Jeter komai ba, don hannunsa bai taɓa su ba. A nan mudun yake da huji. Ɗan wasan da ya yi tsalle ya kai ga ƙwallo mai wuya, ta taɓa safarsa ta faɗi, zai iya kwasar kuskure. Wanda ƙafarsa ta yi nauyi bai ma kai wurin ba, ya tashi da takarda fara tas. Mai zuwa ɗiban ruwa shi ke fasa tulu. Wanda ya zauna a inuwa bai taɓa fasa ko ɗaya ba, amma kuma randa ba ta cika da shi.

Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san wannan. Ɗan bayan da ba ya kai wa ɗan gaba tara ba zai taɓa jawo fanareti ba, ba zai ga katin gargaɗi ba. Sai dai golansa ne zai sha wahala. Babu kocin da zai zaɓi ɗan baya saboda ƙarancin kati kawai.

Sai dai adalci ya sa a faɗi abin da masu kare Jeter suke cewa, don maganarsu tana da tushe. Yawan ƙwallayen da suka zo wa shotstof ba a hannunsa yake ba. Smith ya yi zamaninsa a shekarun 1980, lokacin da masu bugu ba sa yawan kuskuren ƙwallo kamar na bayansu, saboda haka ƙwallaye sun fi shiga fili. Filin St. Louis na lokacin ciyawar roba ce. Masu jifan wata ƙungiya sukan sa a riƙa buga ƙwallo ƙasa, na wata kuma sama. Idan masu jifanka suna fitar da mutane da kansu ba tare da an taɓa ƙwallo ba, kai shotstof sai ka wuni a tsaye. Wannan awon na ƙirga ƙwallayen da mutum ya kai gare su a kowane wasa, wanda Bill James ya yaɗa tun shekarun 1970, ya fi ƙirgar kuskure, amma shi ma bai isa a yanke hukunci da shi kaɗai ba.

Shi ya sa aka zo da na uku. Daga 2002 wani kamfani mai suna Baseball Info Solutions ya sa mutane suna zama gaban bidiyo, suna rubuta kowace ƙwallo da aka buga a kowane wasa: ina ta bi, da wane ƙarfi, a ƙasa ko a sama. Da wannan sai a iya cewa, irin wannan ƙwallon, shotstof nawa cikin ɗari suke kai mata? Idan kusan kowa yana kamawa kai ka bari ta wuce, a rage maka da yawa. Idan kusan kowa tana wuce shi kai ka kama, a ƙara maka da yawa. Daga nan aka fitar da awo biyu da suka fi shahara, DRS na John Dewan da UZR na Mitchel Lichtman, waɗanda suke juya wannan lissafi zuwa makin da mai tsaro ya hana abokan hamayya ci, ko ya bari suka ci. Wannan ya toshe hujjar zamani da ta masu jifa, don ana gwada mutum ne da takwarorinsa na shekara ɗaya, a kan ƙwallaye iri ɗaya.

Sakamakon bai yi wa Jeter daɗi ba. A awon DRS, daga farkon shekarun 2000 zuwa ritayarsa, ya bar abokan hamayya sun ci maki fiye da 150 sama da abin da matsakaicin shotstof zai bari. Masana wasan suna ƙiyasta maki 10 a matsayin nasarar wasa ɗaya, ke nan kimanin wasa 15 aka yi asara. A 2005, shekarar da ya ɗauki safar zinare ta biyu, awon ya nuna shi a ƙasa da matsakaici da maki fiye da 20. A 2006 Bill James ya zauna ya kwatanta bidiyonsa da na Adam Everett, shotstof ɗin Houston Astros wanda ko a Amurka ba kowa ya san shi ba, ya nuna Everett ya yi masa nisa. A 2008 wasu masana lissafi na Jami'ar Pennsylvania, ƙarƙashin Shane Jensen, suka bi tasu hanyar daban a kan shekarun 2002 zuwa 2005, su ma suka same shi a can ƙasan jeri. Mutanen New York suka yi ca a kansu. Amma hanyoyi daban-daban, a hannun mutane daban-daban, duk ƙofa ɗaya suka ɓulla. Kuma sun yi ittifaƙi har a kan inda yoyon yake: ƙwallayen da ke bi ta hagunsa, wajen tasha ta biyu.

Wani zai ce, malam, gani ya kori ji. Mun gan shi da idonmu. Gaskiya ne, an gan shi. Ranar 13 ga Oktoban 2001 a Oakland, Yankees na gab da ficewa daga gasar, suna gaba da maki ɗaya tak. Ɗan wasansu Shane Spencer ya yi jifa daga nesa ya tsallake mutum biyu da ya kamata su tara. Jeter ya taso daga gurbinsa ya ratsa fili zuwa inda ba wanda ya zaci ganinsa, ya tsinci ƙwallon yana gudu, ya cilla wa Jorge Posada, aka fitar da Jeremy Giambi a bakin gida. Yankees suka ci wasan 1-0, suka juya gasar. Ranar 1 ga Yulin 2004 kuma, a wasa da Boston, ya bi wata ƙwallo da gudu ya cafe, ya kasa tsayawa ya faɗa cikin kujerun 'yan kallo, ya fito fuska jina-jina. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma sun nuna basira da ƙarfin zuciya. Yabon gwani ya zama dole.

Matsalar ita ce ido yana riƙe abin mamaki, ya watsar da abin yau da kullum. Ƙwallaye sama da 10,000 Jeter ya yi aiki a kansu. Nawa ne mai kallo zai iya tunawa? Goma, ko ashirin in ya yi ƙoƙari, kuma duk masu ƙayatarwa. Ƙwallon da ta silale ta wuce shi da taku ɗaya ranar wata Talata a watan Mayu, ba wanda ya sa ta a labaran wasanni. Har salon da aka fi saninsa da shi, ya bi ƙwallo ta damansa ya daka tsalle ya juya a sama ya wurga, yana da fuska biyu. Yana da kyan gani ƙwarai. Amma shotstof mai saurin ƙafa yakan riga ƙwallon isa wurin, ya tsaya da ƙafafunsa ya yi jifa ba tare da an tafa masa ba. Kamar gola ne: wanda ya iya tsayuwa ƙwallo a ƙirji take samunsa, wanda ya tsaya ba daidai ba shi ke shawagi a iska, kuma shi masu hoto suke so.

To safar zinaren fa? A duk shekarun da Jeter ya ɗauke ta, masu horar da ƙungiyoyi da mataimakansu ne kaɗai suke zaɓe. Mutane ne da suka san wasa, babu shakka, amma kowannensu yana ganin ɗan wata ƙungiya ne a 'yan wasanni kaɗan a shekara, hankalinsa kuma yana kan nasa yaran. Suna yakan yi tasiri, bugu mai kyau ma yakan yi, duk da ba shi ake aunawa ba. A 1999 an ba Rafael Palmeiro na Texas safar zinare ta mai tsaron tasha ta ɗaya, alhali wasa 28 kacal ya tsaya a wurin, sauran kakar bugu kawai yake yi ya koma benci. A 1990 Cal Ripken na Baltimore ya yi kuskure 3 kacal a wasa 161, aka ba Ozzie Guillén mai kuskure 17. A 2010 kuma aka ba Jeter mai shekara 36 saboda kuskurensa 6 ne kawai. Wato wata shekara ƙarancin kuskure bai isa ba, wata shekara shi ne hujja. Su kansu masu lambar sun gane akwai gyara: daga 2013 suka sa alƙaluman tsaro su zama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zaɓen.

Ba ina cewa sababbin alƙaluman wahayi ne ba. Mutum ne yake kallon bidiyo yana cewa wannan ƙwallo da ƙarfi ta zo, waccan a hankali, kuma mutum ajizi ne. A zamanin Jeter ba su san inda ɗan wasa ya tsaya kafin a buga ba, ko shi ya zaɓi wurin, ko koci ne ya sa shi. Na'urorin Statcast masu bin motsin kowane ɗan wasa da kyamara da rada sai a 2015 aka kafa su a dukkan filaye 30, shekara guda bayan ya yi ritaya. Shekarunsa na farko kuwa, kafin 2002, sai dai a yi ƙiyasi daga rubutaccen bayanin wasanni. Su masu awon da kansu suna gargaɗin cewa alƙaluman kaka ɗaya suna rawa, sai an haɗa kamar shekara uku kafin a dogara da su.

Amma ka lura, wannan gargaɗi ba ya taimakon Jeter. Da shekara ɗaya ce ko biyu aka same shi a ƙasa, sai a ce sa'a ce ta ƙi. Shi kuwa shekara bayan shekara ne, fiye da goma, abu ɗaya yake fitowa. Amfanin duba rayuwar wasa gaba ɗaya ke nan: tsautsayi yana wankewa, hali ya rage. Za a iya musu ko asarar maki 100 ce ko 200. Ba za a iya musun ɓangaren da sikelin ya karkata ba.

Duban rayuwa gaba ɗaya kuma ba yana nufin a dunƙule shekara 20 a lamba ɗaya a wuce ba. Akwai labari a cikin shekarun. A 1993, yana yaro ɗan 19 a ƙaramar ƙungiyar Greensboro, kuskure 56 ya yi a kaka guda. Ya zauna ya gyara hannunsa har ya zama wanda in ƙwallo ta shigo safarsa an gama. Wannan aiki ne na gaske, kuma tsohon mudun ya nuna shi daidai. Bayan kakar 2007, 'yan jaridar New York sun ruwaito cewa babban manajan ƙungiyar, Brian Cashman, ya zaunar da shi ya gaya masa ƙafarsa ba ta rufe ƙasa yadda ake so. Jeter ya ɗauki mai horarwa, ya duƙufa a kan motsin gefe da takun farko. A 2009, yana da shekara 35, awon UZR ya sa shi sama da matsakaici, kuskurensa 8, Yankees suka ɗauki kofi. A cikin safar zinarensa biyar, wannan ce ta fi kusa da cancanta. Daga nan tsufa ya karɓi nasa, ya karya idon sawu a Oktoban 2012, ya yi wasa 17 kacal a 2013, ya ƙarasa 2014 yana ɗan 40 a gurbin da yake cin ƙafar matasa.

Shekarar 2009 ita ce ta fi tsaya mini a rai, don ta nuna abu biyu. Na farko, alƙaluman ba ƙiyayya ba ce: da ya gyara, sun nuna ya gyara. Na biyu, ta nuna tsadar yabon da ba a auna ba. Mutumin da ya iya gyara ƙafarsa yana da shekara 34, me zai yi da an gaya masa gaskiya yana 25? Shekara goma ana tafa masa, ana miƙa masa zinare, kowa yana jin nauyin ya ce kyaftin akwai gyara. Har a 2004 da Alex Rodriguez ya zo Yankees, yana riƙe da safar zinaren shotstof ta 2002 da 2003, shi aka mayar tasha ta uku, aka bar Jeter a inda yake. Ƙungiya ta zaɓi zaman lafiya da girmama kyaftin. Tana da hujjarta, amma ta biya kuɗin wannan zaɓi da maki.

Duk da haka, kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya ce an gano Jeter ba kowa ba ne. Ya buga ƙwallon da ta kai shi tasha lafiya sau 3,465, mutum biyar kacal suka fi shi a tarihin wasan. Cikin kowane zuwa bugu 100 yana cin nasara a 31, a gurbin da aka saba haƙuri da mai 25. A wasannin neman kofi ya ƙara wasu 200. Shafin Baseball-Reference, da yake haɗa bugu da gudu da tsaro ya fitar da yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa, ya ba shi kimanin 71, bayan an zare duk asarar tsaron nan. Wannan adadi ne na 'yan Zauren Gwarzaye ba tare da wata alfarma ba. Ozzie Smith, wanda bugunsa bai kai na Jeter ba da 1,005, ya samu kusan 77. Ɗaya ya tara nasa da sanda, ɗaya da safa, suka tashi kusan kunnen doki. Idan aka ce Jeter ya kai Smith a tsaro, an zalunci Smith, don an kwashe abin da ya sa shi ya zama shi an raba da wani. An kuma zalunci irin su Adam Everett, da suka yi shekaru suna rufe mashiga suka yi ritaya ba safar zinare ko ɗaya.

Wannan ne ya sa na ga maganar ta shafe mu, ko da ba ma buga besbol. Addininmu ya yi tsanani a kan tauye mudu, kuma awon mutane ma awo ne. Mu kuwa mun saba da mudun magatakardan can. A kwamitin masallaci, a ƙungiyar matasan zango, a makarantar Islamiyya, wa muke yabo? Sau da yawa wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wanda ya ɗauki nauyin tara kuɗin gini, ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis neman takardar fili, shi ne za a samu ya yi kuskuren lissafi, shi za a zauna a kansa. Wanda bai taɓa ɗaga ko tsinke ba sai a ce mutumin kirki ne, ba ruwansa. Ba wanda yake rubuta taron da bai je ba, da maganar da ya kamata ya yi a gaban hukuma ya yi shiru. Al'umma 'yar tsiraru, wadda komai sai ta nema kafin ta samu, ita ce ta fi cutuwa da irin wannan awo, don yana koya wa masu ƙoƙari su janye hannu.

Haka kuma so yakan hana mu raba mutum gida-gida. In muna ƙaunar babba, sai ya zama ya iya komai, duk wanda ya ce akwai wurin gyara ya zama maƙiyi. Malami na iya zama gwanin karantarwa ya kasa riƙe asusu. Shugaba na iya zama gwanin sulhu ya kasa bin takarda. Faɗin haka cikin ladabi, tun da sauran lokaci, ya fi masa amfani a kan kirari. Cashman ya yi abin da ya dace, sai dai ya makara da shekara goma.

Saboda haka idan an kawo maka alƙaluman wani mai tsaro, a besbol ko a wani wasa, kada ka tsaya a layin kuskure. Ka tambayi ƙwallo nawa ya kai gare su, nawa takwarorinsa na zamaninsa suke kaiwa, kuma shekara nawa abin ya yi yana maimaituwa. Ka duba ina ya hau, ina ya sauka, me ya faru a tsakani. Lambar yabo kuwa ka tambayi su wa suka zaɓa, kuma me suka gani. Da wannan awo, Derek Jeter mai bugu ne na gaban kwatance, shugaba ne a fili, mai tabbataccen hannu ne, kuma shotstof ne da ƙafarsa ta gaza ta takwarorinsa a mafi yawan shekarunsa. Duka a rubuta masa, kowanne a layinsa.

Allah ya ba mu ikon yin adalci ga wanda muke so da wanda ba ma so.